Bluetooth, Wi-Fi ko Layin Waya: Abin Dubawa Kafin Sayen Na'urar da Ke Sanar da Cajin Batir

Duk wanda ya ajiye batir a inda ba ya iya leƙawa kullum, ko na solar shago ne a Tudun Wada, ko na ƙaramar na'urar auna ruwan tanki, ko na injin ban ruwa a fadamun Dadin Kowa, ya san cewa batir ba ya sallama kafin ya mutu. Shi ya sa masu haɗa ƙananan na'urori a Gombe suke neman hanyar da na'ura za ta riƙa gaya wa wayar hannu adadin cajin da ya rage ba tare da an ja kebul ba. Hanyoyin suna da yawa, amma a ganina tambaya biyu ce ke raba gardama: nisan da ke tsakanin mutum da batirinsa, da kuma yawan wutar da na'urar ke sha sa'ad da take zaune ba ta aika komai, domin babu amfanin mai gadin da yake cinye abin da aka ba shi gadi.

Idan mutum yana kusa, wato cikin gida ɗaya ko shago ɗaya, Bluetooth mai ƙarancin shan wuta, wanda ake kira BLE, shi ne ya fi dacewa. Ya zo ne da Bluetooth 4.0 a shekarar 2010, kuma an gina shi a kan dabarar barci: na'urar ta farka na ɗan ƙiftawar ido, ta aika saƙo, ta koma barci. Abin da ya ƙara masa daraja shi ne ƙungiyar Bluetooth SIG ta riga ta ware masa tsari na musamman domin batir, mai lamba 0x180F, wanda a cikinsa ake aika adadi ɗaya tak, daga 0 zuwa 100. Saboda haka manhaja irin nRF Connect, wadda kyauta ce, tana iya karanta cajin tun kafin mutum ya rubuta tasa. Iyakarsa ita ce nisa. A cikin gini galibi mita 10 zuwa 30 ne, kuma idan aka kulle na'urar cikin akwatin ƙarfe, kamar yadda ake yi wa batiran sola saboda ɓarayi, siginar na iya kasa fitowa daga ɗakin ma.

A nan ne ya kamata mai saye ya natsu, domin ba duk abin da aka rubuta wa Bluetooth ne iri ɗaya ba. Ƙaramin allon HC-05, wanda ɗalibai suka fi sabawa da shi saboda arha, tsohon Bluetooth ne: yana shan miliamfa (ma'aunin yawan wutar da na'ura ke ja) 30 zuwa 40 lokacin da yake neman waya, kuma ba ya aiki da iPhone. HM-10 kuwa BLE ne, sai dai jabunsa sun cika kasuwa. Wanda yake son na'ura ta daɗe a kan ƙaramin batir, ya nemi allon da ke ɗauke da nRF52832 na kamfanin Nordic da ke Norway, wanda yake shan wajen miliamfa 5 lokacin aikawa, sannan ya sauka zuwa 'yan maikiro'amfa (dubu ɗaya daga cikinsu ne miliamfa ɗaya) idan ya yi barci. Lissafin a fili yake. Batirin CR2032, wannan mai kama da kwabo, yana ɗauke da kusan mAh 220, wato miliamfa ɗaya na tsawon awa 220. Na'urar da matsakaicin shanta maikiro'amfa 10 ne za ta kai awa 22,000, wato kusan shekara biyu da rabi, amma wadda ke shan miliamfa 5 ba tsayawa ba za ta cika kwana biyu ba.

ESP32 na kamfanin Espressif, wanda ya fito a 2016, shi ne abin da mutane da yawa ke fara kai hannu gare shi, kuma suna da hujja, tun da yana da Wi-Fi da Bluetooth a haɗe, ga sauƙin samu. Ƙwaƙwalwarsa kan sauka zuwa wajen maikiro'amfa 10 a barci mai nauyi, amma allon gwaji da ake sayarwa yana ɗauke da fitila, da mai daidaita wuta, da sashen USB, waɗanda ke ci gaba da shan miliamfa ko da ƙwaƙwalwar tana barci. Mutum zai karanta adadi mai kyau a takarda, ya haɗa, bayan 'yan kwanaki ya tarar batir ya ƙare. Wi-Fi ɗinsa kuma yana haura miliamfa 200 lokacin aikawa, kuma yana bukatar na'urar intanet a kunne kullum, wadda ita ma wuta take nema. Ga batirin inbata mai bolt 12 wannan ba komai ba ne, amma ga ƙaramin batir nauyi ne.

Wanda yake zaune a Gombe, gonarsa tana Dadin Kowa, kusan kilomita 40, babu Bluetooth ɗin da zai kai masa. Shi layin waya ne mafita. SIM800L, ƙaramin allon da ake sa wa katin SIM, yana aika saƙon tes wanda ko ƙaramar waya za ta karɓa, sai dai 2G kawai yake kamawa, kuma yakan fizgi wuta har amfa 2 (miliamfa 2,000) lokacin aikawa, don haka a duba sabis a gonar tukuna, a ba shi batir mai ƙarfi, a kuma saita shi ya aika sau biyu ko uku a rana. LoRa, wata hanyar aika saƙo ta rediyo, yana kai nisa da wuta kaɗan, amma wayar hannu ba ta jin sa kai tsaye sai an ƙara wata na'ura a tsakani. NFC kuwa, hanyar sadarwa ta kusa-kusa, sai an kanga wayar a jikin na'urar, kuma ƙananan wayoyi da yawa ba su da shi.

Abin da na fi damuwa da shi, kuma aka fi mantawa, shi ne gaskiyar adadin da ake aikowa. Na'urori masu arha ƙarfin bolt kawai suke aunawa su mayar da shi kashi cikin ɗari. Wannan yana ɗan yi wa batirin lithium irin 18650 daidai, tun da yana sauka daga bolt 4.2 zuwa wajen 3.0. Amma batirin mai ruwa yana nuna ƙasa da gaskiya idan firij ko injin yana ja, ya nuna sama da gaskiya idan rana tana caja shi, sai ya huta ake samun bolt 12.6 ko 12.7 na cikakken caji. LiFePO4, wani nau'in batirin lithium da yanzu ake yawan sawa a sola, yana tsayawa tsakanin bolt 3.2 da 3.3 a kowane ɗaki nasa kusan duk tsawon aikinsa, ta yadda waya za ta nuna caji na nan, can kuma ya faɗi lokaci guda. Maganin wannan shi ne na'urar da ke ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita, irin SmartShunt na Victron, ko kuma a sayi batirin da allon kariyarsa ke da Bluetooth tun daga kamfani. Ga ƙaramar na'ura mai lithium ɗaya, MAX17048 yana ƙiyasta cajin da wuta kaɗan, ko da yake shi da bolt yake lissafi, ba ya ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita. Mai haɗawa da kansa kuma ya lura da resisto biyun da yake raba bolt da su: na 10k (ohm 10,000) guda biyu a kan bolt 4.2 suna zubar da maikiro'amfa 210 dare da rana, alhali na 1M (ohm miliyan ɗaya) guda biyu maikiro'amfa 2 kacal suke ci.

Kafin a biya kuɗi, a gwada na'urar da ainihin wayar da za a riƙa amfani da ita. Daga Android 6 zuwa 11 sai an ba manhaja izinin sanin wuri kafin ta ga na'urar BLE, kuma wayoyi da yawa suna kashe manhajar da ke aiki a ɓoye domin tanadin caji, sai gargaɗi ya daina zuwa. A kulle fuskar wayar na minti 30, a koma ɗaki na gaba, a ga ko adadin yana sabuntawa. Sannan a roƙi mai shago ya sa mitar auna wuta tsakanin na'urar da batir, a jira ta yi barci, a karanta abin da take sha da idon mutum.