Hattara da masu tallan 'yan tsakin kajin ado "mata zalla"

'Yan uwa masu kiwo a Gusau da kewaye, a yi hattara da masu tallan 'yan tsakin kajin ado irin su Silki da Brahma a Facebook da WhatsApp, suna cewa sun ware mata zalla. Sai su ƙara kuɗi, su ce a tura kafin alƙalami, su aiko da kwali ta tasha. Bayan wata huɗu, ka gama kashe kuɗin dusa da rigakafi, rabin kajin su fara cara. Lambar wayar mai tallan kuwa a kashe.

Ɗan tsakon kajin ado mai kwana 1 zuwa sati 3 ba a gane jinsinsa da ido. Riƙe shi a ƙafa kai ƙasa, ko lilo da allura a zare a kansa, duk shaci-faɗi ne. Duba gashin fiffike yana aiki ne kawai a kajin da aka haɗa irinsu musamman don haka. Duba dubura kuma aikin ƙwararru ne, wanda bai iya ba yana iya kashe ɗan tsakon.

Alamun gaskiya sai da lokaci. A Brahma, daga sati 6 zuwa 8 zankon namiji yake fara ja da girma, ƙafarsa ta fi kauri, gashinsa ya fi jinkirin fitowa. Wajen sati 12 zuwa 16 gashin wuya da na gadon baya kusa da wutsiya yake yin tsini da sheƙi, na mace kuwa bakinsa a zagaye yake. Silki ta fi wuya, sau da yawa sai ta kai wata 3 zuwa 4: tukkun mace a dunƙule yake kamar auduga, na namiji yana da dogayen silin gashi da suka kwanta baya. Sebright, wani irin kajin ado, kada ma a wahala da gashi, namijin gashin mace gare shi, zanko za a duba.

Wasu ma irin suke musanyawa, su cusa 'yan tsakin zakarun gona masu araha. Silki yatsu 5 gare ta da baƙar fata. Brahma da gashi a ƙafa take fitowa daga ƙwai.

Kada a biya ko sisi sai an ga iyayen, ko da ta kiran bidiyo ne. Mai son mata tabbas ya sayi 'yan wata 4, hannu da hannu.