Awa ɗaya na yi a simuletan jirgin sama, sau biyu ina buga shi da katanga

Ƙanina ne ya matsa min sai mun je wajen nan da ake biya mutum ya shiga na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi, an yi ta kamar kan Boeing 777, maɓallai har saman kanka. Ni na ɗauka wasan yara ne wallahi.

Da malamin ya tambaya wane fili nake so nace San Faransisko, saboda na daɗe ina zagin matuƙan jirgin kamfanin Asiana ɗin nan da suka faɗi ranar 6 ga Yuli 2013, jirgi ya taso daga Koriya ta Kudu da mutum 307, rana tsaka gari garau ba hadari ba hazo, amma ya je ya daki katangar bakin teku kafin titin sauka mai lamba 28L, 'yan mata uku 'yan Sin suka rasu. Ni dai cewa nake ai makanta ce kawai. Sai ya yi murmushi ya saita min komai yadda yake a ranar, har da kashe na'urar ƙasa da ke nuna wa jirgi layin gangarowa, don a lokacin gyara ake a filin, sai dai ka bi da ido da fitilu huɗun nan na gefen titi, biyu fari biyu ja shine daidai.

Nan fa na gane. Ya sa ni na danna abinda matuƙin ya danna, na kashe tuƙin atomatik na ja totur baya da hannu, a raina injin zai ci gaba da riƙe min gudu da kansa, ashe ya saki, wata 'yar kalma ce kawai ta canza a saman allo, ko ƙara babu. Ina ta kallon titi fitilu sun koma ja uku, ja huɗu, alamar na yi ƙasa da yawa, ina ɗaga hancin jirgi gudu na zubewa ban sani ba. Su ma haka ta faru da su, ana son wajen kilomita 254 a awa suka sauko har kusan 190, kafin su tura totur lokaci ya ƙure. Malamin yace min "yallaɓai tun daga ƙafa 500 in jirgi bai daidaita ba fasa sauka ake a sake zagayowa", kuma abinda ba su yi ba kenan su uku a zaune. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka a 2014 ta ɗora laifin kan matuƙan, amma ta ce sarƙaƙiyar totur ɗin da rashin bayani sosai a horo sun taimaka.

Sai a karo na uku na sauka, shima da ƙyar, rigata sharkaf.

Abinda bai min ba, ɗakin baya motsi ko kaɗan, ka daki katanga sai dai allo ya daskare, hoton teku kuma kamar na tsohuwar kwamfuta. Sannan wajen minti ashirin na awar ya tafi a bayani, da sun ware shi daban. Malamin kam ba magana, yana da haƙuri, bai taɓa karɓe sitiyarin daga hannuna ba. Huɗu cikin biyar na basu, ƙanina kuma yana can yana yaɗawa a gida wai shi sau ɗaya ya faɗi.