Ambuwaz, Shinon, Somir ko Jiberni: wane garin bakin kogi za ka zaɓa a Faransa?

Jama'a tun da na saka hotunan bakin ruwan nan ake ta tambayata wane gari ne, nawa na kashe, wai wane ya fi idan mutum ya je Faransa yana son ya huta kwana uku ko huɗu ba tare da hayaniyar Faris ba. Toh bari in amsa sau ɗaya kowa ya huta. Garuruwa huɗu na taka da ƙafata, kuma tun yanzu in faɗa muku gaskiya, ni Ambuwaz nake so, ba zan ɓoye ba. A tikitin jirgi za ka ga an rubuta Amboise, kar ka ruɗe, su Faransawa rabin haruffansu ba a furtawa.

Jiberni, wato Giverny, bari mu sallame shi da wuri. Ƙauye ne kusa da kogin Sen inda mai zanen nan Claude Monet ya zauna daga 1883 har ya mutu a 1926, lambunsa na da kyau ba ƙarya, amma motocin 'yan yawon buɗe ido ke sauke mutane kamar tashar Kano ranar jajibirin sallah, kuma da sanyi ya shigo ana rufe lambun sai wajen watan Afrilu. Wurin wuni ne, ba na kwana ba.

Somir (Saumur) na masu son dawaki ne, a can makarantar hawan doki ta Cadre Noir take, duk wanda ya tashi yana kallon hawan daushe zai ji daɗinsa. Akwai gidan tarihin tankokin yaƙi ma. Amma gari ne babba-babba, mutum sama da dubu ashirin da biyar, shirun da nake nema ban samu ba.

Shinon (Chinon) kuwa, hmm. Yana bakin kogin Biyen, da ganuwarsa a saman tudu, a nan jarumar yaƙinsu Jeanne d'Arc ta sadu da sarki Charles na bakwai a 1429. Kyau kam akwai, kuma ya fi duka shiru. Sai dai rabin abin da garin ke taƙama da shi giyar inabi ne, ni kuma ba ruwana da wannan, sannan kafin ka isa sai ka canza jirgi a birnin Tur (Tours) ka hau wani ƙarami da ba ya yawan tashi, da yamma ta yi kuma shikenan an rufe ka. A garin nan aka cuce ni, zan zo kan labarin.

Ambuwaz gari ne na mutum kamar dubu goma sha uku a bakin kogin Luwar, kogin da ya fi kowane tsawo a Faransa, kilomita dubu da 'yan kai. Daga Faris hanya biyu ce, ko ka hau jirgin ƙasa daga tashar Austerlitz kai tsaye kamar awa biyu, ko ka hau mai gudun nan TGV daga Montparnasse awa ɗaya zuwa Saint-Pierre-des-Corps sai ka canza ƙarami, kwata ɗaya ko minti ashirin ka iso. Ni na fi son na Austerlitz, ba canji, ba gudu da akwati a kan matakala. Tashar tana tsallaken kogi, sai ka taka kamar minti ashirin ka haye gada, kuma wallahi wannan takawar kaɗai ta biya kuɗin tikiti, don kana kan gadar fadar sarakunan tana tsaye a gabanka saman dutse, fara tas, ruwa na tafiya a hankali a ƙarƙashinka da tsibiran yashi kamar kana kallon Neja a Yawuri da rani. A tsakiyar kogin akwai tsibiri, Île d'Or, gadar ta bi ta kansa, can nake zuwa da yamma in zauna ba mai ce min kanzil.

Amma abin da ya sa garin ya shiga raina daban ne. A wannan fadar aka tsare Amir Abdulƙadir na Aljeriya, malamin da ya yaƙi Faransawa shekara goma sha biyar. Ya miƙa wuya a ƙarshen 1847 bisa alƙawarin za a bar shi ya tafi ƙasashen gabas, suka saɓa, aka kai shi garin Tulon, aka kai shi garin Fo (Pau), daga nan a 1848 aka kawo shi Ambuwaz da iyalansa da almajiransa, sai a 1852 shugaban Faransa na lokacin Louis-Napoléon ya zo da kansa ya sake shi. Mutum 25 daga cikin jama'arsa sun rasu a nan, da yawa mata da yara, ga sanyi ga ɗakunan dutse. A cikin lambun fadar akwai wurin da aka keɓe musu, ana ce masa Jardin d'Orient, wani ɗan Aljeriya Rachid Koraïchi ya tsara shi a 2005, duwatsu 25 kowane da rubutun Larabci. Turawa duk suna ta layi wajen kabarin mai zanen nan Leonardo da Vinci a ƙaramin cocin da ke cikin fadar, ni kuma ina can gefe ni kaɗai ina musu addu'a, sai da na ji ƙwalla. Ban yi zaton zan yi ziyarar maƙabarta a tsakiyar Faransa ba. Allah Ya jiƙansu.

Shi Leonardon sarki François na farko ne ya gayyato shi daga Italiya a 1516, ya ba shi gidan Clos Lucé, a nan ya mutu a 1519. Gidan minti goma ne a ƙafa daga fada, an ƙera injinan da ya zana an baza su a lambu, idan da yara ka zo a nan za su wuni. Wani abin dariya, ko in ce abin ishara, a fadar nan wani sarkinsu Charles na takwas ya buga kansa da saman ƙofa a 1498, daga nan ya ce ga garinku nan. Ajali ko a ina.

Batun shiru kuwa sai in yi adalci, a watan Yuli da Agusta Ambuwaz ba shiru yake ba, titin da ke ƙasan fada cike yake maƙil. Ka zo a Mayu, ko ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan goma na dare, isha'i ta kai ka tsakar dare, asuba kuma ta biyo baya nan da nan, mutum ya yi ta gyangyaɗi. Kasuwa tana ci a bakin kogi ranar Juma'a da Lahadi da safe, ta Lahadi ce babba, a nan za ka sayi burodi da cukun akuya na yankin da tuffa da kifi.

Abinci ka buɗe ido. Abubuwa biyu da yankin ke alfahari da su, rillettes da rillons, duka naman alade ne, kuma haka za a ajiye maka a gaba da fara'a kamar an yi maka gata. Ko salak ka ce a kawo ka duba kalmar lardons da jambon, duk shi ne. Ka ce "sans porc", ka tambayi ko an zuba giya a miya don suna yawan yi. Ni kifi da ƙwai da burodi suka riƙe ni. Naman halal da masallacin Juma'a kuwa akwai su a Tur, minti ashirin ne a jirgi kuma jiragen suna da yawa, wannan na cikin abin da ya ɗora Ambuwaz saman Shinon a wurina. Gidajen abinci sha biyu zuwa biyu suke ba da na rana, sai bakwai na yamma kuma, ka zo ƙarfe huɗu da yunwa sai dai ka sha iska. Ruwan famfo a tulu kyauta ne, ka ce "carafe d'eau". Kuma kar ka shiga shago ba ka ce bonjour ba, kamar ka faɗa gidan mutane ne ba sallama.

Kogin kuma kar kyaunsa ya ruɗe ka, an hana wanka a cikinsa, yashin bakin tsibiran yana zaftarewa da mutum. Duk iya ruwanka ka tsaya a tudu. Idan kana son shiga akwai kwale-kwalen katako masu lebur ɗin ciki da ke zagayawa da mutane.

Toh yanzu ga abin da ya fi duk wannan surutun muhimmanci. Ni dai ma'aunina na farko a yanzu ba kyan gari ba ne, tambayata ita ce idan abu ya lalace ƙarfe tara na dare, akwai jirgin da zai fitar da ni? Akwai otal mai mutum zaune a kanta? Dalili kuwa, zuwana Shinon na ga tallan wani ɗaki a intanet, taga tana kallon kogi, kuɗin kusan rabin na sauran. Mai ɗakin ya ce mu koma WhatsApp wai shafin yana cire masa kaso mai yawa, zai rage min idan na tura kai tsaye ta banki. Mutumin kirki a baki, har da tambayar iyali. Na tura yuro 240. Na iso da yamma ina jan akwati a kan titin duwatsu, adireshin gaskiya ne, gidan ma shi ne na hoton, na danna ƙararrawa wata tsohuwa ta leƙo, ta ce ita gidanta ne shekara da shekaru kuma ba ta taɓa ba da haya ba, ni ne na uku da ya zo a watan. Na kira lambar, a kashe. Na koma tasha, jirgin ƙarshe ya wuce. Araha dai ba ta ado, daren nan sai da na biya wani kuɗin a wani otal da na samu da ƙyar bayan na buga ƙofa uku.

Don haka ku ji da kyau. Duk wanda ya ce ku bar shafin ku koma waya, ɓarawo ne. Duk wanda ya ce a tura ta banki ko ta masu aika kuɗi kafin ka ga makulli, ɓarawo ne. Har saƙo suke turowa kamar daga otal ɗin da ka riga ka kama, wai katinka bai shiga ba ka danna nan cikin awa 24 ko a soke, kar ka danna, ka nemo lambar otal ɗin da kanka ka kira. Abin da ba cuta ba ne shi ne ɗan harajin kwana da ake ce wa taxe de séjour, yuro ɗaya ko biyu a dare, wannan doka ce ka biya kawai.

Cutar ma tun daga gida take farawa. 'Yan ejan da ke cewa kawo kuɗi za mu haɗa maka bukin ɗin otal da inshora na biza, da yawansu takardar bogi suke bugawa, ko su kama ɗaki su soke bayan an karɓi fayil. Kuɗin bizar Shengen yuro 90 ne tun Yunin 2024, ban da na cibiyar da ke karɓar takardu, inshora kuma dole ta kai ta yuro 30,000. Kuma biza ba ita ce ƙarshe ba, ɗan sandan filin jirgi na iya tambayarka ina za ka kwana, ina tikitin komawa, nawa ne a hannunka, ƙa'idarsu yuro 65 a kowace rana idan kana da otal, 120 idan ba ka da shi. Ya kira otal a ce ba a san ka ba, toh ka ga ta kanka. Idan gidan ɗan'uwa za ka sauka, shi zai je ofishin magajin garinsu ya karɓo takardar shaidar masauki, wato attestation d'accueil, da sunanka, ba a sayenta a hannun kowa.

Ka fito daga filin jirgin Charles de Gaulle kuma, masu tare ka a ƙofa suna "taksi, taksi", wani ma ya ganka baƙi ya ce maka "mon frère", ka wuce su ka bi alamar layin tasi na hukuma. Kuɗin shiga Faris ƙayyadadde ne, ya danganta da ɓangaren kogin da za ka, tsakanin yuro hamsin da wani abu zuwa sittin da wani abu, duk wanda ya ce ɗari da hamsin ka san da wa kake. Tikitin jirgin ƙasa ka saya a SNCF Connect, wato shafin kamfanin jirgin ƙasan, ko a kantar tasha, kar ka yarda da mai cewa zai taimaka maka a gaban na'ura. 'Yan matan da ke yawo da takarda wai ka sa hannu don kurame, hannu ɗaya na miƙa maka biro ɗayan na aljihunka.

A Ambuwaz ƙaramin otal na kama a tsallaken gada ta ɓangaren tasha, ya fi na ƙasan fada sauƙi kuma daga nan ne ma ake ganin fadar gaba ɗaya da daddare an haska ta. Kafin in biya ko sisi sai da na kira su sau biyu a rana daban-daban, na sa matar ta karanto min sunana harafi bayan harafi, na kuma tambaye ta ƙarfe nawa suke kulle ƙofa. Ta ce tara, amma za ta ba ni lambobin da zan danna idan na makara. Na ce a'a Madam, ni jirgin azahar zan hau.