Daidaiton taku a hasken leza da a NMR: abu ɗaya ne?

Wani ɗan'uwa ya tambaya ko kohirans, wato daidaiton taku, da ake faɗa a leza shi ne na NMR, hanyar binciken sinadarai da maganaɗisu da bugun rediyo. Malam, lissafin ya yi kama, don a duka biyun, muddin taku ya daɗe a daidai, layin firikwensi siriri zai fito. Amma mai yin takun ya bambanta.

A leza, hasken ne da kansa. Ana auna tsawon daidaitonsa da na'urar Michelson: a raba hasken biyu, a riƙa ja da madubi ɗaya baya har zanen haske da duhu ya dushe. A kula, in madubi ya matsa santimita 5, tafiyar hasken ta ƙaru da 10, don zuwa da dawowa ne. Tsawon daidaiton kusan gudun haske ne a raba da faɗin layi. Lezar hiliyam da niyon mai nanomita 632.8, in firikwensi da yawa na tashi a cikinta, faɗinta wajen GHz 1.5 ne, wato tsawon daidaiton santimita 20 ne kacal. A matse ta zuwa MHz 1, tsawon ya kai mita 300. Yawanci abin da ke ɓata awo shi ne bututun lezar bai gama ɗaukar zafi ba, ko tebur na rawa, ko hasken ya dawo cikin lezar daga wani gilashi.

A NMR kuwa, furoton ɗin da ke cikin samfurin, wato ƙwayoyin tsakiyar atam ɗin haidurojin, su ne ke takun. A maganaɗisu mai tesla 9.4 suna juyi a MHz 400, amma kowa da inda ya fara. Bugun rediyo na digiri 90 ne ke haɗa su, kamar masu lugude a turmi ɗaya, daga nan sai takun ya fara warwarewa, siginar ta mutu. Faɗin layi shi ne 1/(πT2*), inda T2* ke nufin lokacin da takun ke ɗauka yana warwarewa: layi mai Hz 1 na nufin daƙiƙa 0.32. In layi ya yi faɗi, kafin a zargi samfurin a duba shim, wato saitin da ke daidaita ƙarfin maganaɗisun, a duba ko ruwan ya kai wajen mililita 0.6 a bututun milimita 5, ko akwai gari a ciki, ko ƙarfe mai jan maganaɗisu ya narke a ruwan.

Babban bambancin yana nan. Yawancin wannan warwarewa ba asara ba ce, rashin daidaiton maganaɗisu ne ya sa wasu sauri wasu jinkiri, kuma kowa na riƙe da saurinsa. Erwin Hahn ya nuna a 1950 cewa ana iya maido da siginar kamar amsa-kuwwa. Yadda ake yi yanzu: bayan lokaci τ a yi bugun digiri 180, na gaba su koma baya, a 2τ duk su sake haɗuwa. Abin da bai dawo ba shi ne asarar gaskiya, lokacinta ake kira T2. In ƙwayoyin ruwan na yawo tsakanin bugu da bugu, sai a jera bugun 180 kusa da kusa, tsarin CPMG ke nan. Hasken leza ba shi da wannan gata, tsallen takunsa na kwatsam ne, ba a maido shi. Sai dai ana ciyar da leza wuta ba tsayawa, shi ya sa haskenta ba ya mutuwa kamar siginar NMR.

Saboda haka takwarar leza a NMR ita ce na'urar bugun rediyo. Takwaran furoton kuma atam ɗin da leza ta haska, kuma su ma an samu amsa-kuwwarsu ta haske a dutsen yakutu a Jami'ar Columbia a 1964.