Wata shida da PipeWire a kwamfutar tebur: yadda na yi ta farautar sautin da ya ɓace

Ranar da na ɗora Linux a kwamfutar teburina komai ya tashi lafiya lau. Intanet ta kama, na'urar buga takardu ta amsa, allo ya fito tar. Sai da na kunna wani karatu da na naɗa domin in tace shi na gane akwai sauran rina a kaba. Hoton muryar yana tafiya a allo, amma lasifika ta yi gum kamar an ɗauke wuta. Na murɗa, na zare waya na mayar, na kashe na kunna. Shiru.

Yau wata shida ke nan ina aiki da wannan kwamfuta kullum, tace murya da kiran bidiyo da sauraron karatu, don haka ina ganin na isa in faɗi ra'ayina kan PipeWire, manhajar da ke rarraba sauti a Linux, da 'yan manhajojin da ke kewaye da shi. A taƙaice abin ya yi mini. Amma kafin mu shirya na ɓata dare biyu, kuma kusan duk ɓarnar daga abu ɗaya ta taso: ban san ta ina sauti ke bi kafin ya iso kunnena ba.

Hanyar hawa-hawa ce. A can ƙasa akwai ALSA, wanda ke cikin zuciyar Linux ɗin kanta, shi ke magana da katin sauti kai tsaye, kuma tun fitowar Linux 2.6 a 2003 shi ne ginshiƙi. A samansa akwai mai rabon sauti, wanda ke karɓar muryoyin manhajoji daban-daban ya gauraya su ya miƙa ƙasa. Shekaru da yawa PulseAudio ne ke wannan aiki, masu harkar kiɗa da naɗar murya kuma suna da nasu daban mai suna JACK. Sai wani injiniyan manhaja mai suna Wim Taymans ya zo da PipeWire domin ya haɗe ayyukan biyu wuri guda. Cikin nau'o'in Linux, Fedora 34 ce ta fara ɗora shi a matsayin mai rabon sauti a 2021, Ubuntu ta bi a fitowar 22.10, sannan PipeWire 1.0 ya fito a Nuwamban 2023. Yana da ɗan rakiya, WirePlumber, wanda ke yanke shawarar wace murya za ta bi wace ƙofa.

Duk wannan ban san shi ba a daren farko. Abin da na yi shi ne na kwashi shawarwarin da na ci karo da su a intanet na yi ta zubawa a tagar umarni, wato inda ake ba kwamfuta umarni a rubuce, ba tare da na duba shekarar da aka rubuta su ba. Wani ya ce a rubuta pulseaudio -k, na rubuta, aka ce babu abin kashewa. Wani ya ce a gyara fayil ɗin /etc/pulse/default.pa, na gyara, ko gezau. Har na kai ga shirin sake girka PulseAudio, wanda da na yi da garin neman gira na rasa ido, domin zai yi karo da abin da ke aiki a kwamfutar. Ƙanena ne ya leƙo ya ga abin da nake shirin yi, ya ce, "Yaya, ka tabbata ma shi ne a kwamfutar nan?" Ya karɓi madannin ya rubuta pactl info. Layin sunan mai rabon sautin ya nuna PulseAudio ne a bisa PipeWire. Wato PipeWire ne ke aiki, yana dai sanye da rigar PulseAudio domin tsofaffin manhajoji su gane shi. Awa uku ina ba mamaci magani.

Washegari na fara daga ƙasa. Umarnin aplay -l ya jero katunan sautin da ALSA ke gani, sai ga guda biyu alhali ni ɗaya na sani. Na ɗaya shi ne na jikin madabod, wato babban faifan cikin kwamfuta da ake jona komai a kansa, mai koren rami a bayan akwati inda na soka lasifika. Na biyu na katin hoto ne, domin wayar HDMI da ke haɗa kwamfuta da allo tana ɗaukar sauti tare da hoto. Ganin katunan biyu ya kwantar mini da hankali ta fuska ɗaya: direba, wato manhajar da ke sarrafa katin, yana nan, ba shi ne matsalar ba. Da jerin ya fito fayau, ko da saitin sauti ya nuna Dummy Output kawai, da maganar ta zama ta direba ko ta wani abu a ƙasa.

Daga nan na girka pavucontrol, kuma idan akwai manhaja ɗaya da zan yaba a sharhin nan ba tare da wani amma ba, ita ce. Sunanta na zamanin PulseAudio ne, fuskarta ma ba ta da wani ado, amma tana aiki da PipeWire sumul. Abin da ya fi burge ni ɗan layin nan ne da ke rawa a ƙarƙashin kowace na'ura idan sauti na ratsa ta. Na kunna karatun, na buɗe shafin na'urorin fitar da sauti, sai ga layin yana tsalle a ƙarƙashin HDMI, na koren rami kuwa kwance. Ashe duk tsawon lokacin nan sautin yana fita, yana tafiya ne zuwa allon da ba shi da lasifika ko ɗaya a jikinsa. Na shiga shafin ƙarshe na manhajar na kashe katin HDMI gaba ɗaya. Muryar ta fashe daga lasifika da ƙarfin da sai da na zabura, don na manta na ƙure ta jiya.

Wanda ya fi son tagar umarni zai iya yin wannan da wpctl status, ya ga lambar kowace na'ura da tauraro a gefen wadda aka zaɓa, sannan ya canza da wpctl set-default da lambar da yake so. Na gwada, yana aiki. Amma ga mai neman inda sauti ya maƙale, ganin layin nan yana motsi ya fi kowane rubutu saurin fahimtarwa. Shafin saitin sauti da ya zo da kwamfutar tawa ya fi kyan gani, sai dai ya ɓoye rabin abin da mutum ke buƙata ranar da abu ya lalace.

Tsugune ba ta ƙare ba. Ramin gaba, inda nake soka abin sauraro na kunne, ya ƙi ba da komai. A nan alsamixer ya shigo. Manhaja ce ta cikin tagar umarni, da sanduna a tsaye kamar na tsohuwar rediyo. Tarkonta shi ne idan ka buɗe ta za ka iya ganin sanda ɗaya tak ka ɗauka shi ke nan, alhali sai ka danna F6 ka zaɓi katin gaske sannan sauran su bayyana. A ƙasan kowace sanda akwai ko dai 00, wato a buɗe take, ko MM, wato an toshe bakinta. Ta abin kunne MM ce. Na danna harafin M ta buɗe. A can gefen dama kuma na tarar da Auto-Mute Mode, wanda ke kashe lasifikar baya da zarar an soka abu a gaba. Ni ina son hakan, na bar shi, amma wanda ke barin abin kunnensa a soke kullum yana mamakin shirun lasifika, to ga mai laifin nan.

Duk da haka ramin gaban ya riƙa yi yana ɗaukewa. Na zargi Linux kwana biyu kafin na kwance murfin akwatin na ga 'yar wayar da ke haɗa ramukan gaba da madabod, mai rubutun HD Audio, ta ɗan zame daga mazauninta. Ni na taɓa ta ranar da nake share ƙura. Na danna ta ta zauna, magana ta mutu.

Matsalar da ta fi cin raina ƙarama ce a ido. Duk lokacin da sauti zai fara, ko ya ɗan jima da tsayawa, sai lasifika ta yi wani ƙwas, kamar an fasa ƙwai a kunne. Da rana ba ka damuwa, amma da dare, da abin kunne, har cikin haƙori nake jin sa. Dalilinsa tanadin wuta ne. Direban katin, snd_hda_intel, yana kwantar da katin idan ya yi shiru na ɗan lokaci, kuma kwanciyar da farkawar su ne ke ba da wannan ƙara. Na duba fayil ɗin /sys/module/snd_hda_intel/parameters/power_save na ga lamba 1, ma'ana bayan daƙiƙa ɗaya na zaman banza katin zai yi barci. A kwamfutar cinya mai batir wannan dabara ce mai ma'ana. A kwamfutar tebur da ke jone da wuta dare da rana, ribar ba ta kai haushin ba. Maganin layi ɗaya ne, options snd_hda_intel power_save=0, a cikin sabon fayil mai ƙarewa da .conf a /etc/modprobe.d, sai a sake kunna kwamfuta. Ƙarar ta ragu ƙwarai.

Na ce ta ragu, ban ce ta tafi ba, domin akwai mai kwantarwa na biyu a hawan sama. WirePlumber ma yana sallamar na'urar da ta yi daƙiƙa biyar ba aiki, shi ya sa wani lokaci farkon ƙarar saƙo ke guntulewa. Ana iya hana shi, amma a nan ne na ga babban raunin wannan tsari ga sabon shiga. Kafin fitowar 0.5 ana rubuta saitin WirePlumber da harshen kwamfuta na Lua, daga 0.5 kuma aka koma wani salon rubutu daban, a wani wurin ajiya daban. Sai ka samu bayanai biyu, kowanne daidai ne a zamaninsa, ka kwafi wanda ba naka ba, kuma babu abin da zai fito ya ce maka ka yi kuskure. Fayil ɗin zai zauna kawai ba mai karanta shi. Sai da na rubuta wireplumber --version na san layin da zan bi. Sauyin yana da hujjarsa, ban musa ba, amma mai kwamfuta da ke son jin karatu kawai bai kamata ya san wannan tarihin ba kafin ya samu sauƙi.

Sai kuma ƙarar tsatsa, wani ƙir-ƙir da ke shiga murya idan kwamfutar ta ɗauki nauyi, misali ina fitar da bidiyo ina sauraron wani abu. A nan PipeWire ya nuna mini kyansa. Umarnin pw-top yana nuna kowace murya da ke gudana, da wani ginshiƙi mai suna ERR da ke ƙirga sau nawa aka makara wajen cika ma'ajin sauti. Ina jin ƙir, lambar na ƙaruwa, babu sauran zato. PipeWire yana aiki ne da gutsattsarin sauti, a bisa al'ada ɗigo 1024 daga cikin ɗigon sauti 48000 da ke wucewa cikin daƙiƙa, wato kusan kashi 21 cikin dubu na daƙiƙa kowane gutsure. Idan injin bai gama shirya na gaba ba kafin na hannu ya ƙare, sai a samu giɓi, giɓin nan ne kunne ke ji. Na ɗaga shi zuwa 2048 da umarnin pw-metadata -n settings 0 clock.force-quantum 2048, nan take, ba tare da kashe komai ba. Tsatsar ta ɗauke. Abin da na biya shi ne jinkiri ya ninka zuwa kusan kashi 43 cikin dubu, wanda mai sauraro ba zai lura ba, amma mai naɗar murya yana jin kansa a kunne zai ji kamar muryarsa na bin sa a baya. Don haka ranar naɗa nakan mayar da shi ƙasa, ranar tacewa in ɗaga. Saitin ba ya zama idan an kashe kwamfuta, kuma ni hakan ya fi mini.

Abin da ya sa na daina tunanin komawa tsohon tsarina shi ne manhajar qpwgraph. Tana zana kowace manhaja da kowace na'ura a matsayin akwati mai ƙofofin shiga da fita, ka ja zare daga wannan zuwa wancan da linzami. Ina so in naɗi muryar wanda muke kiran bidiyo da shi a layi ɗaya, tawa a wani layin, sai in ja zare biyu, shi ke nan. A da wannan aiki sai an tayar da JACK an yi ta lallashinsa ya zauna lafiya da PulseAudio. Kuma idan abu ya rikice, systemctl --user restart pipewire pipewire-pulse wireplumber yana dawo da komai cikin daƙiƙa kaɗan. A wata shida sau uku na buƙace shi, biyu daga ciki bayan kwamfutar ta farka daga barci.

Bluetooth ne har yau ba mu gama shiryawa ba, kodayake laifin ba na Linux ba ne. Abin kunne mara waya yana da yanayi biyu: A2DP mai sauti mai kyau amma babu makirufo, da yanayin kiran waya mai makirufo amma sautinsa kamar daga cikin rijiya. Da zarar manhajar kira ta nemi makirufo sai a juya zuwa na biyun. Na zaɓi makirufon tebur a matsayin na shigar da murya a pavucontrol, na bar abin kunnen a A2DP, kuma yawanci yana zama. Ranar da kiran ke da muhimmanci dai, mai waya nake ɗaukowa in soka a ramin gaba.