Mai zanen da ya yi wa gidan Kawu hoto

Kawuna ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, Allah ya buɗa masa, sai ya ce shi hoton waya ya ishe shi, zanen fentin mai yake so na iyalinsa, kuma yaran su fito da kayan zamanin kakanninmu. Ni na nemo mai zanen, wani matashi mai shago a Zoo Road.

Hannunsa a kan tufafi, wallahi sai sam barka. Babbar rigar Kawu, ɗinkin aska takwas ɗin nan ya fito zare-zare. Yaran maza an sa musu taguwar saƙi da 'yar hula, matan kuma zanen saƙi da murjani a wuya. Rawanin ɗan kura kuwa, wanda ake rinawa da baba a buge shi da shuni har ya riƙa ƙyalli, ya kama wannan ƙyallin mai ɗan ja-ja, abin da kyamara kan mayar baƙi ƙirin. Har shunin da ke goge wa mutum a wuya bai bari ba. Goggo ta ce datti ne, ni kam ya burge ni.

Fuskoki ne da saura. Yara ba su iya zama ba, sai ya kwafa daga hoto, autar ta fito kamar yayarta.

Ya karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, kuma aikin ya wuce ranar da ya ɗiba. Ya ce kada a shafa wa zanen banish, wato man da ke sa shi sheƙi, sai bayan wata 6, fentin mai ba ya saurin bushewa.