Su gyara, ko ka kai wa bakanikenka? Amsa ga ɗan'uwan da aka lalata wa mashin wajen sabis

Ɗan'uwa, Allah ya mayar maka da alheri. Ka ce ka kai sabon mashin ɗinka sabis na farko wurin dilan da ya sayar maka a nan cikin Katsina, aka yi juyen mai ba a ɗaure kusar ƙasa da kyau ba, baƙin mai ya tsiyaye, injin ya buga kafin ka kai Ƙofar Ƙaura, ga kuma karce a jikin tanki. Kana tambaya: ka mayar musu su gyara, ko ka kai wa bakanikenka sannan ka nemi su biya ka?

Ni dai ina ganin ka mayar musu, amma da sharaɗi.

Na san abin da ke jan ka wajen bakanikenka. Ka san hannunsa, zai gama cikin kwana ɗaya ko biyu, in kuma da mashin ɗin kake neman abinci, kowace rana da ya kwana a gareji asara ce. Sai dai da zarar ya kwance injin nan, ka miƙa wa dila amsar da yake nema. Zai ce wani ya taɓa, ba su san me aka yi ba, kuma yawancin garanti yana faɗuwa in aka buɗe inji a waje. Kuɗin fistin da ringi daga aljihunka za su fita, ka koma kana bin bashin da ba wanda ya amsa cewa ya ci.

In ka mayar musu kuwa, garantinka na nan, laifin kuma na nan inda ya faru. Illar wannan hanya biyu ce: jan rai, da gyaran ganin ido. Ƙaramin inji irin wannan baƙin man da yake ɗauka bai wuce kusan lita 1 ba, saboda haka in man ya zube, cikin 'yan mintoci ƙarfe ke fara cin ƙarfe. Ɓarnar ba ta tsayawa kan fistin da ringi. Tana iya taɓa bulok, da boris ɗin karanshaf, da kan injin. Mai son rufe magana zai canza ringi kawai, mashin ya tashi lafiya, bayan wata biyu ƙarar ta dawo lokacin da ba ka da bakin magana. Nan ne amfanin bakanikenka. Ka je da shi ya tsaya a buɗe injin a gabansa, ya ga abin da ya ci, a nuna muku sababbin kaya a kwalinsu kafin a ɗaura, a ba ku tsofaffin.

Kafin ka tura mashin ɗin ko'ina, ka ɗauki hoton ƙarƙashin injin da inda man ya bi, da lambar kilomita, ka adana rasit ɗin sabis. Kada ka ƙara mai ka ce bari ka gwada tayarwa. Ka nemi manaja, ba yaron da ya yi aikin ba, wanda wataƙila tsoron a cire masa a albashi zai sa ya musanta. Duk abin da kuka amince a rubuta, ko da saƙon WhatsApp ne: me za a canza, wa zai biya, yaushe za ka karɓa.

Maganar tanki ta fi sauƙi. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na jiharmu ke bi, mai sana'a yana lamunin kayan da aka bar masa ya yi aiki a kai, kuma duk wanda ya karanta Risala ya ci karo da wannan hukunci. Dokar kare haƙƙin masu sayayya ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai karɓar ƙorafinsu, ita ma ta ce a mayar wa mutum kayansa aƙalla yadda ya kawo su. Injin ne ke buƙatar hujja, tunda a hannunka ya buga, shi ya sa nake ta nanata kada kowa ya riga su buɗe shi.

Yaushe hanyar bakanikenka take zama daidai? In sun ƙi karɓar mashin ɗin, ko sun ce kai za ka biya. A nan ma ka fara samun ƙin nasu a rubuce ko gaban shaidu biyu, bakanike ya rubuta abin da ya gani, ka riƙe rasit ɗin kowane kaya. Da waɗannan za ka iya kai ƙorafi FCCPC, ko zauren sulhu na babbar kotun jiha, ko gaban alƙali. In kana cikin ƙungiyar 'yan acaɓa, ka fara tafiya da shugabanku, domin dila ba ya son ya ɓata da mutanen da ke saye a hannunsa kullum.